Gargaɗi: mai sayar da maganin zuciya "na Turai" a Aboabo da Asawase

Salamu alaikum 'yan uwa na Kumasi, dan Allah duk wanda yake da tsoho ko tsohuwa mai shan maganin hawan jini ko na zuciya a gida ya karanta wannan ya tura ma wasu.

Akwai wani mutum da yake yawo da jaka a Aboabo, Asawase har Sawaba, yafi fitowa bayan sallar Juma'a, kuma yana cikin gurup na WhatsApp da yawa yana karɓar kuɗi ta MoMo ya aiko yaro da kaya. Wai ɗan uwansa ne ke turo masa magani daga Jamus da Ingila, amlodipine, atenolol, lisinopril, har warfarin mai hana jini daskarewa da ƙwayar nan ta nitroglycerin da ake sawa ƙarƙashin harshe in ƙirji ya riƙe. Baya tambayar takardar dokta, farashinsa kuma ƙasa da na famasi, shi yasa su Mma da su Baba suke ruɗuwa.

Na riƙe kayansa da hannuna a gidan maƙwabcinmu. An manna sabuwar sitika a kan inda aka rubuta EXP, wato ranar ƙarewar magani, a kwalin, lambar bach ta kwali daban da ta jikin katin maganin, wasu katin ma an yanke gefen da kwanan wata yake da almakashi, sauran kuma ya juye su a ƴar leda ya rubuta suna da biro. In ka yi magana sai yace ai orijinal ne. Toh ko orijinal ɗin ne fa, yawancin magungunan nan a kwalinsu an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, wuri busasshe ba rana, shi kuma jakarsa wuni take cikin rana da cikin trotro, ku da kanku kun san zafin Kumasi a watan Maris.

Na ƙarƙashin harshen nan yafi tada min hankali wallahi. Wannan ƙwayar bata son iska bata son zafi, a ƴar kwalbarta ta gilas ake barinta a rufe gam, da ka juye ta a leda ko robar jera magani ƙarfinta ya fara tafiya, kuma bayan an buɗe kwalbar ma bata daɗewa, a Ingila sati 8 suke cewa a canza. Ranar da ƙirji ya shaƙe tsoho da tsakar dare ita zai lalubo, in ta mutu fa? Hawan jini kuma baya sallama, mutum na shan ƙwaya kullum hankalinsa kwance jini na hawa sai dai a ji shanyewar ɓarin jiki. Warfarin ko, ɗan ƙari ko ɗan ragi kaɗai matsala ne, shi yasa ake ta gwajin jini a asibiti.

Mu ma a gida, magani a saman firij, a kicin kusa da wuta, a taga, a banɗaki ko a cikin mota duk ba wurinsa bane. A barshi a katinsa cikin durowa, inda yara basa kai hannu. Asfirin in yana warin binega ya lalace. EXP 06/2025 na nufin ƙarshen watan Yuni ne iyakarsa.

Wanda ya riga ya saya kar ya daina shan magani kai tsaye haka nan, musamman atenolol, yankewa lokaci ɗaya haɗari ne. Ku kwashi komai da kwalin ku kai famasi mai lasisi ko asibitin da kuke zuwa yau ɗinnan a auna jini a canza muku, mai katin NHIS ya tafi da shi, yawancin maganin hawan jini na ciki. Masu shagon kemikal ma ba'a basu izinin sayar da irin waɗannan ba balle mai jaka. Ku ajiye kwalin da lambar MoMo ɗinsa ku kai ma FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, suna da ofis a nan Kumasi.