Boot-Repair ya dawo min da Ubuntu, amma sai da na ji jiki

Laftof ɗina HP ce 'yar gwanjo, Windows 10 da Ubuntu 22.04 (ita ma babbar manhajar tafiyar da kwamfuta ce kamar Windows) na zaune a cikinta kusan shekara biyu ba wanda ya taka wani. Da Windows ta fara nauyi sai na kai wa wani mai gyara a Samaru ya sake ɗora min ita. Har sau biyu na ja masa kunne cewa akwai Ubuntu a ciki, kada ya taɓa. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Haba Malam, ai aikinmu ne."

Na dawo gida bayan magariba na kunna. Baƙin allon nan na GRUB da ke tambayata wacce zan shiga bai fito ba, kai tsaye sai Windows. Na kashe na kunna, haka. Na leƙa faifai, babu Ubuntu babu dalilinta. Babi huɗu na furojet ɗina suna can ciki, ga shi ranar Litinin zan ga malamin da ke duba min aikin. Tuwon daren nan ban san da wane baki na ci shi ba.

Washegari na koma shagon. Mai gyaran ya ce wai ai Ubuntun ta riga ta tafi, sai dai a yi fomat a ɗora sabuwa, kuma in sake biya. Kun dai san kuɗin da suke yanka wa mutum yanzu. Na ɗauki kayata na fito.

Wani ɗan ajinmu ne ya kwantar min da hankali. Ya ce Windows ba ta karanta ext4, tsarin da Ubuntu ke ajiye kayanta a kai, shi ya sa ban ga komai ba. Abin da ya faru kawai, wajen ɗora ta, Windows Boot Manager, wato mai tayar da Windows, ya shige gaban GRUB. Kwaɗon ƙofa aka canza, kaya na nan a ɗaki. Ya ce in nemi Boot-Repair, wata manhaja ce mai gyara matsalar tashin kwamfuta.

To wallahi abin ya ba ni mamaki. Na tayar da kwamfutar daga filashi mai Ubuntu da F9, na zaɓi gwaji ba ɗorawa ba, sai ga babina huɗu cif. Nan take na kwashe su tukuna. Layi uku na rubuta a Terminal, inda ake rubuta wa Ubuntu umarni, Boot-Repair ta sauka, na danna maɓallin gyaran da ita kanta ta ba da shawara. Kafin shayina ya huce ta gama. Ko sisi ba ta karɓa ba.

Sai dai kada in yi ta zuba yabo kamar a sama na tsince shi. Karon farko ƙin aiki ta yi, ashe a Legacy, tsohon tsarin tayar da kwamfuta, na tayar da filashin alhali Windows ɗina a sabon tsarin UEFI take, kuma bayanin da ta fito min da shi sai wanda ya riga ya sani zai gane. Sannan dole sai da intanet. Sauke Ubuntu kaɗai ya cinye min sama da gig 3 na data, ana tsakiya aka ɗauke wuta, batirin da ko minti ashirin ba ya yi ya mutu, na koma farko. Bayan ta ce min an gyara ma, na kunna sai ga Windows ta sake shigewa. Sai da na shiga BIOS, wato saitin tashin kwamfutar, da F10 na ɗaga Ubuntu saman jerin abin da zai fara tashi da hannuna kafin GRUB ya bayyana. Da ban san wannan ba, da na ce ƙarya take.

Duk da haka zan sake amfani da ita, filashin ma na ɗaure shi a jikin makullin ɗakina. Mai gyaran nan kuwa har yau in na wuce ta gaban shagonsa sai ya ɗago min hannu yana tambaya ko na shirya yin fomat ɗin.