Wata uku ina zagin sabis, ashe wayar ce

Lissafin shagona na atamfa da shadda a wani shafi nake ajiye shi, irin wanda ake buɗewa ta burauza. Duk sanda na zo shigar da ciniki a waya sai shafin ya tsaya cak, in danna wuri ya ƙi motsi, mai saye na tsaye yana kallona. Na sauya layi, na ƙara data, har bakin ƙofa na riƙa fita wai ko sabis zai fi ƙarfi. Ƙanena da ke gyaran waya a Farm Centre ne ya karɓa ya duba, ya ce, "Yaya, shafin ai ya riga ya sauka, wayarka ce ke fama da shi." Shi ya nuna mini Speedometer, kuma mako biyu ke nan ina gwada shi a kan duk na'urar da ta shigo hannuna.

Gwaji ne na kyauta a shafin browserbench.org, ba sai ka sauke wata manhaja ba. Ka buɗe, ka danna maɓallin farawa, ka ajiye wayar. Za ka ga tana aiki ita kaɗai kamar mai aljanu: tana cika jerin ayyuka, tana rubutu, tana zana jadawali, tana gogewa, daga ƙarshe ta ba ka maki. Mai maki da yawa shi ne mai sauri. Abin da ya fi aunawa shi ne yadda burauza ke tafiyar da JavaScript, yaren da Brendan Eich ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape a 1995, wanda shi ke sa shafi ya amsa idan ka taɓa shi. Masu WebKit, injin burauzar Safari ta Apple, su ne suka fara fitar da gwajin a 2014, amma zubi na 3.0 da ya fito a Maris 2024 Apple da Google da Mozilla da Microsoft ne suka haɗu suka gina shi. Wannan ya sa na yarda da mudun, domin ba ɗan kasuwa ɗaya ne ya sassaƙa shi don ya auna hatsinsa ba.

Na'ura huɗu na jera: wayata ta Android da na saya sabuwa bara, tsohuwar kwamfutar hannu da yara ke kallo da ita, iPhone ɗin uwargida da muka saya na hannu, sai ƙaramar laftof ɗin shago. Na zaci wayata za ta ba wa ta uwargida kashi, tunda a kwalinta an rubuta firosesa mai ƙwaya takwas, ita kuwa waccan ta girme ta da shekaru. Ai kuwa na sha kunya. Tsohuwar iPhone ta wuce ta nesa ba kusa ba, har tana bin laftof a baya. Kwamfutar yara kuwa sai da na sha shayi na dawo ba ta gama ba.

Bayanin da ƙanen nawa ya yi mini ya zauna daram. Yawancin aikin JavaScript a shafi layi ɗaya yake bi, ƙwaya ɗaya ce ke ɗaukar nauyin. Kamar ka tara tela takwas a shago ne alhali keken ɗinki ɗaya ne: abin tambaya shi ne saurin wanda ke kan keken. Wayoyi masu araha da yawa ƙwayoyinsu ƙanana ne, irin su Cortex-A53 da A55, waɗanda aka ƙera don tattalin batir. Takwas ɗin gaskiya ne, ba a yi maka ƙarya ba, sai dai bakwai na zaune suna kallo.

Daga nan na koma sauya burauza, ina tunanin ko a nan maganin yake. A wayata na gwada Chrome da Edge da Opera da Brave, makin duk kusa da juna, bambancin bai kai a tsaya magana ba. Ashe duk 'yan ɗaki ɗaya ne, a kan Chromium, tushen burauza na Google, aka gina su, injinsu na JavaScript kuma V8 ne wanda ya zo tare da Chrome a 2008. Firefox ce mai nata injin, SpiderMonkey, kuma ita ma ba ta mai da wayar doki ba. A iPhone abin ya fi haka sauƙi: Safari da Chrome duk WebKit ne a ciki, domin ƙa'idar Apple ke nan, Tarayyar Turai ce aka fara sassauta wa a 2024. Opera Mini da muka taso da ita kuwa ban sa ta a layi ba. Idan tana yanayin matse data sosai, a kwamfutocin kamfanin ake sarrafa shafin a aiko maka da shi a dafe, to me za ka auna a wayarka?

Abin da ya fi ba ni mamaki zafi ne. Da sassafe bayan asuba wayar ta ba da makinta mafi kyau. Da azahar a shago, tana jone da caji, tana cikin rigarta ta roba, da na maimaita gwajin, makin zagaye na uku ya faɗi ƙasa sosai, bayanta kamar an ɗauko ta daga kan murhu. Waya idan ta ji zafi da kanta take rage gudun firosesa don kada ta lalace. Yanayin tattalin batir, wanda ni kullum a kunne nake barinsa saboda halin wutarmu, shi ma ya ci wani kaso. Wato a daidai lokacin da kasuwa ta fi cika ni da kaina nake ɗaure wa wayar ƙafa.

Gwajin yana da iyakarsa. Da Turanci yake, kuma lamba kawai zai miƙo maka, ba ta da ma'ana sai ka kwatanta da ta wata na'ura. Ba ya auna sabis, ba ya nuna yadda waya mai ƙaramin ram (ma'ajiyar aikin da take yi a lokacin) ke sake loda shafi idan ka leƙa WhatsApp ka dawo. Dole allon ya zauna a kunne har ya gama, kuma zagaye ɗaya ba ya isa, sai ka yi uku. Maki ma ba a rantsuwa da shi: Google ta ajiye nata gwajin, Octane, a 2017, bayan ta ga ana gyara injina don cin maki ba tare da shafukan gaske sun ƙara sauri ba.

Yanzu ina cire wa wayar riga da rana, na daina shigar da ciniki tana caji, babban lissafi kuma na bar wa laftof sai dare. Shafin ya rage tsayawa, bai daina ba. Na riga na gaya wa ƙanena cewa ranar da za mu je sauya waya, a gaban mai shagon zan buɗe gwajin a kan guda biyu da kuɗina ya kai, mu zauna a benci mu jira.