Karatun laifuka da shari'a a kwalejin shekara biyu ta Amurka: wace takarda za ka nema?

Yaranmu da suka tashi a Amurka, musamman a Bronx inda Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya suke zaune, da yawansu in sun gama sakandare sukan ce fannin laifuka da shari'a za su karanta. Kwalejin al'umma mai shekara biyu ita ce ƙofa mafi sauƙi. A kwalejojin CUNY, wato jami'ar gwamnati ta birnin New York, ɗan gari yana biyan dala 4,800 a shekara, mai girin kad (takardar izinin zama na dindindin) kuma yana iya cike fom ɗin neman tallafin karatu na FAFSA ya nemi tallafin gwamnatin tarayya na Pell, wanda iyakarsa dala 7,395 ne. Sai dai takardun da ake bayarwa kala-kala ne, kuma a nan ake yin zaɓen tumun dare.

Cikin takardun shekara biyu, akwai wadda ake kira AA ko AS, akwai kuma AAS. Dukansu kiredit 60 ne ko kusa da haka (kiredit shi ne ma'aunin darussan da ɗalibi ya ci), sunan fannin ma ɗaya ne a jikin takarda. Bambancin shi ne an tsara AA da AS don ka wuce jami'a ka ƙarasa shekara biyun da suka rage, shi ya sa suke cike da Turanci da lissafi da ilimin zamantakewa. Ita AAS an yi ta ne don mai son fita aiki kai tsaye: rubuta rahoto, dokar kama mutum, yadda ake tsare wurin da aka aikata laifi. Darussanta sun fi daɗi, amma ranar da ka nemi shiga jami'a ana iya ƙin karɓar wani kaso na kiredit ɗinka, ka sake biyan kuɗin abin da ka riga ka wuce. Ni dai in ƙanena ne, AA ko AS zan ce ya ɗauka. A New York ma akwai tsarin CUNY Justice Academy, wanda ya haɗa kwalejoji irin su Hostos da BMCC da Kwalejin John Jay mai ba da digirin shekara huɗu a fannin, ta yadda wanda ya kammala da makin da ake buƙata zai zarce can ba tare da fargaba ba.

Dalilina shi ne, yawancin ayyukan da yara ke mafarki digirin shekara huɗu suke nema. FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya, ta daɗe ba ta ɗaukar jami'in bincike sai mai digiri, ɗan ƙasa, wanda ya kai shekara 23. Jami'in da ke sa ido kan waɗanda kotu ta yi wa ɗaurin talala shi ma galibi digiri ake tambayarsa. Lauya kuwa sai ya ƙara shekara uku a makarantar lauyoyi bayan digirin. Wanda ke sha'awar gwajin jini da zanen yatsu a ɗakin bincike, wannan fannin ba hanyarsa ba ce ma, kemistiri ko bayoloji ya kamata ya karanta.

Aikin ɗan sanda da na gandiroba su ne suka fi kusa, amma takardar kwaleji ba ta ba ka kaki. Dole ka shiga makarantar horon 'yan sanda, kuma rundunoni da yawa shaidar sakandare kawai suke nema kafin su tura ka can, wasu har da albashi. Rundunar New York ta daɗe tana neman kiredit 60, a 2025 ta rage zuwa 24. Jihar Minnesota kuwa tana son aƙalla takardar shekara biyu.

Maganar da iyaye ba su cika tambaya ba ita ce ta zama ɗan ƙasa, kuma ita ce ta fi damuna. Yaro ya gama shekara biyu, sannan a ce masa girin kad bai isa ya zama ɗan sanda ba, wannan abin takaici ne. Haka dokar take a New York da jihohi da dama. Kalifoniya ta sassauta daga farkon 2023, inda izinin aiki ya wadatar. Ga kuma binciken tarihin mutum: tsohon kamu, shaye-shaye, bashin da aka ƙi biya, duk za a tono su. Mai zuwa daga gida da bizar ɗalibi ya sani cewa ba shi da Pell, kuɗin baƙo zai biya, kuma dokokin Amurka zai karanta, waɗanda ba su ake aiki da su a Kano ko Yamai ba.

A guji makarantun 'yan kasuwa masu tallar fannin a intanet da hoton mota mai jiniya. Cikin irinsu, Corinthian ta rushe a 2015, ITT Tech ta rufe a 2016, ɗalibai suka tashi da bashi da kiredit ɗin da jami'o'i da yawa ba sa karɓa. Kafin ka biya ko sisi, je ofishin mai ba ɗalibai shawara ka nemi a nuna maka a rubuce jami'o'in da suka yi yarjejeniyar karɓar kiredit ɗin kwalejin, da hukumar da ta tantance ta.