Malta, Sisili ko Jarba: wanne ya dace da hutunka?

Kafin ka biya kuɗin jirgi da otal, fara tambayar kanka kwana nawa gare ka, sannan yaya tsananinka yake a kan abin da za ka sa a baki. Amsar nan biyu ita ce za ta raba maka gardama tsakanin tsibiran nan uku na Bahar Rum.

In mako guda gare ka, Malta ta fi sauƙi. Duka ƙasar murabba'in kilomita 316 ce, bas na kaiwa kusan ko'ina, kuma Turanci na cikin harsunan hukuma, ba sai ka nemi tafinta ba. Yini ɗaya ya ishe ka ka zaga Baleta, babban birnin da aka aza harsashinsa a 1566, washegari ka leƙa tsohon birnin Mdina mai ganuwa da lunguna, sannan ka hau jirgin ruwa na kamar minti 25 zuwa tsibirin Gozo. Akwai masallacin Juma'a a garin Paola. Sai dai mai son shimfiɗar rairayi zai ɗan yi tsaki, domin yawancin gaɓar duwatsu ne. Abincin da suke ji da shi, dahuwar zomo, da giya ake haɗa shi. Gara ka tsaya a kan kifin lamfuki da ake kamawa daga ƙarshen Agusta, ko burodin ftira da kifin tuna.

Sisili ta Italiya kuwa ba ta gaggawa ba ce. Ita ce mafi girma a tekun gaba ɗaya, ta haura murabba'in kilomita 25,000, kuma wanda bai yi hayar mota ba zai sha jiran jirgin ƙasa. Amma a ganina nan ne kuɗinka zai fi yin daraja. Musulmi daga Tunisiya sun sauka tsibirin a 827, suka karɓi Palermo a 831, birnin ya zauna hannunsu har Normawa, mayaƙa 'yan asalin arewacin Faransa, suka ƙwace shi a 1072. Sababbin sarakunan ba su kori masu sana'a da malamai ba: a fadar Sarki Roger na Biyu ne al-Idrisi ya kammala littafinsa na taswirar duniya a 1154, kuma rufin cocin fadar, Cappella Palatina, ado ne irin na ƙasashen Musulmi. Ka fito daga nan ka shiga kasuwar Ballaro, inda 'yan tireda ke ta kwarmata hajarsu, ka gangara Trapani ka ci kuskus da romon kifi. A gabas ga dutsen Etna mai aman wuta, tsayinsa ya wuce mita 3,300.

Matsalar Sisili a tukunya take. Kitsen alade na ɓuya inda ba ka zata ba: a ɓawon cannoli, zaƙin da kowa ke yabo, da kuma burodin saifa na titin Palermo. Koyi tambayar ko akwai strutto a ciki, sunan kitsen ke nan a wurinsu. Taliya da gauta da tumatir, wato pasta alla Norma, ba ta da wannan damuwa.

Malta da Sisili bizar Schengen ɗaya, wadda ƙasashen Turai da yawa suka yi tarayya a kanta, ita ce ke shigar da kai, kuɗinta Yuro 90, kuma jirgin ruwa daga Malta zuwa garin Pozzallo na Sisili bai kai awa biyu ba. Mai kwana goma na iya haɗa su, ya nemi bizar a ofishin ƙasar da zai fi daɗewa.

Jarba ta Tunisiya ita ce ta mai tafiya da iyali da ba ya son yawan tambaya a gidan abinci. Ga kiran salla, ga farin rairayi, ga ƙananan fararen masallatan Ibadiyya da majami'ar Yahudawa ta Ghriba, waɗanda suka sa UNESCO ta shigar da tsibirin cikin jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2023. Shinkafarsu ana turara ta da ganye da nama, kamar dambu. Abin kallo dai bai kai na sauran biyun ba. Bayan kasuwar Houmt Souk da maginan tukwane na Guellala, saura hutu ne kawai.

Ko wanne ka zaɓa, kauce wa Yuli da Agusta. Otal na tsada, jama'a sun yi yawa, kuma a Agustan 2021 zafi ya kai digiri 48.8 kusa da Siracusa a Sisili. Mayu ko Oktoba sun fi.