PADI ko SSI: Wanne Ya Dace da Mai Son Zama Malamin Nutso?

Ɗan'uwa, ka ce kana karatu a Alƙahira, kana so idan an yi hutu ka tafi Dahab, wani gari a bakin Bahar Maliya, ka koyi nutso da tulun iska, kuma burinka wata rana ka zama mai koyarwa har ka ci abinci da sana'ar. Ka duba cibiyoyi, wasu da tambarin PADI, wasu da na SSI, ƙungiyoyi biyu da ke tsara koyar da nutso da ba da katin shaida, farashi ya sha bamban, ka rasa inda za ka sa kuɗinka.

A matakin farko bambancinsu bai taka kara ya karya ba. Sai an zo matakin malanta hanya take rabuwa, kuma can ne ya kamata ka yi dogon tunani.

Dukkansu a Amurka aka haife su. John Cronin da Ralph Erickson ne suka kafa PADI a 1966, ita ce kuma ta fi kowace ƙungiya yawan cibiyoyi a duniya. SSI ta biyo baya a 1970, a 2014 kamfanin Head, mai kayan nutso na Mares, ya saye ta, yanzu daga Jamus ake tafiyar da ita. Ƙa'idojin da suke koyarwa a kai kusan ɗaya ne, domin duka biyun suna bin ma'aunin ISO na ƙasa da ƙasa. Ɗauke su kamar WAEC da NECO: takardar kowacce tana shigar da kai. Mai katin SSI zai yi hayar tulu a cibiyar PADI ba wanda zai ce masa uffan, kuma yana iya yin darasi na gaba a can.

Darasin farko sunansa Open Water Diver a duka biyun, yakan ɗauki kwana 3 zuwa 4. Akwai karatu, akwai atisaye a ruwa mara zurfi, sannan nutso 4 a teku. Ka gama, an yarje maka ka sauka zuwa mita 18 tare da abokin nutso. Kafin a ba ka kati sai ka yi iyo na mita 200 ba tsayawa, ka kuma zauna a saman ruwa minti 10 ba tare da ka riƙe komai ba. Idan iyonka bai nuna ba, nemi wurin ninkaya a Alƙahira ka gyara tun yanzu, kada ka je kana koyon abu biyu a lokaci ɗaya.

Inda suka ɗan bambanta a nan shi ne tsari da kuɗi. PADI tana da jerin atisaye da malami zai bi daki-daki, kuma kowane ɗalibi sai ya sayi nasa kayan karatu. SSI ta fi sakar wa malami mara, yana iya jinkirta abin da ya gagari ɗalibi ya dawo masa daga baya. Karatunta da katinta duk suna cikin manhajar MySSI a waya, shi ya sa sau da yawa takan ɗan fi araha. Wannan sassaucin yana da amfani ga mai tsoron ruwa. Akwai atisayen da ake cire gilashin fuska a ƙarƙashin ruwa, ruwan gishiri ya taɓa hanci, a ci gaba da numfashi ta baki, a mayar da gilashin a hura iska ta hanci har ruwan ya fita. A nan mutane da yawa suke firgita su yunƙura za su yi sama. Malamin kirki zai riƙe rigarka, ya kalle ka ido cikin ido, ya yi maka alama da hannu ka sassauta numfashi, ya maimaita da kai har abin ya zama jiki. Malamin da ke da ɗalibai takwas kuma jirgi na jiransa zai ga ka yi sau ɗaya da ƙyar ya sa hannu. Tambarin da ke jikin rigarsu ba shi ne ya raba su ba. Don haka kafin ka biya, tambayi mutum nawa ne a rukuninku, ka nemi ganin malamin, ka duba ko cibiyar tana da lasisin CDWS, hukumar da ke sa ido kan harkar nutso a Masar. Rukunin da bai wuce mutum huɗu ba ya fi rangwamen da za a yi maka daraja.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun kafin ka shiga mota. Wanda ya tashi yana nutso a kogi ko kududdufi, irin na masuntan Argungu, ya saba cika ƙirji ya riƙe numfashi. Da tulu a baya, wannan sabon shi ne babban haɗari. Kowace mita 10 da ka sauka nauyin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Iskar da ka shaƙa a mita 10, idan ka riƙe ta ka taso, za ta ninka girma kafin ka iso sama, huhu kuwa ba ya jure hakan. Dokar farko a PADI da SSI ɗaya ce: kada ka taɓa riƙe numfashi. Ana tasowa a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5 domin sinadarin naitirojin da ya taru a jiki ya ragu, a fito da sauran iska a tulu aƙalla bar 50 (ma'aunin matsin iska) cikin bar 200 da aka shiga da ita. Bayan nutso da yawa kuma, ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18.

Za a ba ka takardar tambayoyin lafiya. Don Allah kada ka cika ta da "a'a" daga sama har ƙasa don gudun kuɗin likita. Asma, farfaɗiya, ciwon zuciya da matsalar kunne duk suna da hukunci. Mu kuma muna da namu da ya fi yawa a cikinmu, wato sikila. Mai SS nutso da tulu ba nasa ba ne, mai AS kuma ya zauna da likitan da ya san harkar nutso kafin ya fara.

Matakan tsakiya ba sa buƙatar dogon bayani. Na biyu nutso 5 ne da ke kai ka mita 30, PADI tana kiransa Advanced Open Water, a SSI an daɗe ana saninsa da Advanced Adventurer. Da shi ne za ka iya ziyartar Thistlegorm, jirgin Ingila da aka nutsar a 1941, wanda har yau babura da motoci suna jere a cikinsa. Na uku shi ne ceto, Rescue Diver a PADI, Stress and Rescue a SSI, kuma sai kana da shaidar taimakon gaggawa da ba ta wuce shekara 2 ba. A ganina wannan ne darasin da ya fi kowanne amfani, domin a nan mutum yake daina kallon kansa ya fara lura da na kusa da shi.

Yanzu ga inda tambayarka take da nauyi. Matakin sana'a na farko shi ne Divemaster, jagoran masu nutso. A PADI sai ka cika shekara 18, kana da nutso 40 a rubuce kafin ka fara, 60 kafin a ba ka shaida. A SSI ana haɗa darasin Dive Guide da na Science of Diving a kai ga wannan matsayi. Daga nan sai horon malanta, IDC a PADI, ITC a SSI, kowanne kamar mako biyu. Duka biyun suna neman nutso 100 kafin jarrabawar ƙarshe, kuma ba wanda ya horar da kai ne zai jarraba ka ba, wani daban ake turowa. PADI ta ƙara da cewa sai ka yi wata 6 da samun katinka na farko.

Babban bambancin shi ne abin da zai biyo bayan jarrabawa. Malamin PADI yana iya aiki da kansa: ya samo ɗalibansa, ya yi hayar kaya, ya ba da shaida da lambarsa, ko ya yi wa cibiyoyi da dama aikin kwana-kwana. Malamin SSI dole ya kasance a ƙarƙashin wata cibiyar SSI kafin ya koyar ko ya ba da kati. Wannan yana da kyau ga ɗalibi, tunda akwai mai sa ido a kan malami, amma ga mai neman aiki igiya ce. A gefe guda, hanyar PADI ta fi cin kuɗi: littattafai, kuɗin jarrabawa, da kuɗin sabunta rajista duk shekara. Sauya sheƙa ma ba daidai take ba. Malamin PADI yakan koma SSI da ɗan gajeren horo na 'yan kwanaki, amma malamin SSI da ke son PADI sai ya yi wani sashe na IDC ya kuma zauna jarrabawarsu.

Da ni ne kai, zan yi darussa ukun farko a duk inda na sami malami mai haƙuri, ko da wane tambari ne. Idan na zo malanta, in wata cibiyar SSI da na yi Divemaster a cikinta ta nuna za ta riƙe ni, sai in bi SSI in rage kashe kuɗi. In babu wannan alkawari, PADI zan yi, saboda ƙofofin da za ka ƙwanƙwasa da ita sun fi yawa, daga Bahar Maliya har Zanzibar da Tailan.

Za ka ga tallan da ke cewa za a ɗauke ka daga wanda bai taɓa shiga ruwa ba zuwa malami cikin wata shida. Yana yiwuwa a takarda. Amma nutso 100 da aka tara a wuri ɗaya mai kwanciyar ruwa don cika lissafi ba ya shirya mutum ya riƙe ran wani a igiyar ruwa mai ƙarfi. Ka daɗe a matakin Divemaster, ka ɗauki tulu, ka wanke kaya, ka ga yadda ɗalibai ke firgita da yadda manya ke kwantar da su. Kuma a Dahab kada wani ya zuga ka zuwa ƙofar dutsen da ke ƙarƙashin Blue Hole, wani rami mai zurfi a tekun wurin. Tana wajen mita 55, ta wuce iyakar mita 40 ta nutson nishaɗi, ta kuma ci rayukan masu nutso da yawa.

Sauran abu biyu. Bizar karatu ba ta ba ka damar aiki a Masar ba, baƙo sai da izinin aiki da katin CDWS, don haka binciki wannan kafin ka zuba kuɗin IDC. Larabcinka da Turancinka jari ne, domin cibiyoyi suna fifita malami mai harsuna. Idan kuma a ranka kana hangen aikin nutso a rijiyoyin mai na tekun Najeriya ne, to PADI da SSI duk ba su ne hanyar ba. Wannan sana'a ce daban, ta walda da gyaran bututu a ƙarƙashin ruwa da iskar da ake turowa daga sama, kuma kamfanoni suna neman shaidar makarantun da ƙungiyar IMCA ta amince da takardunsu, irin na Ingila da Afirka ta Kudu.