Yaya, ga labarin keken da kuka yi wa dariya

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, da Inna da yara baki ɗaya.

Hoton keken nan da na tura zauren gida na WhatsApp ran Lahadi, wanda ka rubuta a ƙarƙashinsa wai ashe talauci ya bi ni har Amurka, shi zan yi maka bayaninsa, don dariyar ta yi yawa har Inna ta kira tana tambaya ko motar aka ƙwace. Mota tana nan lafiya lau. Likita ne ya ce sukari ya fara leƙowa, in nemi abin motsa jiki, gwiwata kuma ba ta son gudu. Shi ne na koma keke, bayan shekara 26 rabona da shi. Kai ma ka san inda na faro: Ralin Baba, Allah Ya jiƙansa, lokacin da muke zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda muna tuƙi a karkace saboda sirdi ya fi ƙarfinmu.

Irin wanda na saya kuruza suke ce masa. Ƙato ne, mai nauyi, tayarsa inci 26 mai faɗin sama da inci biyu, kansa a buɗe kamar ƙahon bijimi, kana zaune a miƙe ba ka duƙa ba. Giya ɗaya gare shi. Kamfanin Schwinn na Chicago ne ya fito da irin wannan taya mai kumburi a 1933, aka yi yayinsa aka manta, sai wajen shekarun 1970 samarin bakin teku a nan Kalifoniya suka tono tsofaffin suka sake raya su. Nawa ɗan gwanjo ne, a Facebook na gan shi wurin wata tsohuwa, dala 120. Ta ce shekara uku yana garejinta, sau biyar aka hau. Na duba tayar, ko gashinta bai gama karyewa ba. A nan haka abin yake, mutum ya sayi kaya don marmari, marmarin ya wuce, ya kakkaɓar da shi a rabin kuɗi.

Ranar farko na sha ƙasa, kuma gara ka ji daga bakina. Keken nan ba shi da birkin hannu sam. Birkinsa a cikin cibiyar ƙafar baya yake, sai ka taka feda baya ya kama. Tsohuwar ta faɗa mini, na ce na gane. Na fita hanyar kekuna ta bakin teku, wata yarinya ta gilma da kare, yatsuna suka tafi neman birki kamar yadda suka saba a Zariya, suka damƙo iska. Ƙafata kuwa ta ci gaba da tuƙi abinta. Da na ga ba sarki sai Allah na karkata cikin yashi na zube. Mutum uku suka tsaya tambaya ko a kira motar asibiti. Na miƙe da sauri na ce a'a, don na san kuɗin motar asibiti a ƙasar nan sai ya sayi keke goma. Daga baya na sa birkin hannu a ƙafar gaba, hankalina ya kwanta.

Sirdi ne ya fi ba ni wahala. Jikin ɗan shekara 50 ba na yaro ba ne, minti ashirin sai in ji kamar a kan turmi nake zaune. Na fara sayen wani mai laushi kamar katifa, ashe laushin ne matsalar, nutsewa kake yi cinya ta yi ta gugar gefe. Na mayar. Na sayi na biyu, shi ma na mayar. Ka ji abin da ya bambanta mu da su: na yi mako biyu ina hawa a kai, na kai da rasit, yarinyar kanti ta mayar mini da kuɗina a kati ba ta ko tambayi dalili ba. Ka gwada wannan a Sabon Gari ka ji amsar da za a ba ka. A ƙarshe na tsaya a kan Brooks, na fata, ɗan Ingila, mai sifirin a ƙasa. Da farko tauri kamar ƙirgi, amma a hankali fatar tana bin siffar mai ita. Da na juya shi na duba, sai na ga ai kusan irin na keken Baba ne, wanda muke rainawa. Kuɗinsa ya fi na keken gaba ɗaya. Kada ka faɗa wa maman yara.

Sauran tarkacen ba su da labari: kariyar ɗora kaya a baya, kwando a gaba, madubi ɗaya, da wani zobe da ake ɗaurawa a kan keke don riƙe kofin shayi, wanda na saya don kawai na ga kowa yana da shi. Fitila kuwa doka ce. A Kalifoniya in za ka hau da dare dole gaba ta zama da farar fitila da za a hango daga ƙafa 300, baya kuma da jan abu mai ƙyalli da za a gani daga ƙafa 500. Ba dinamo mai gugar taya yana kuka ba, caji ake yi mata kamar waya. Hular kwano dole ce ga wanda bai kai 18 ba, amma bayan abin da ya faru a yashi ni ma na sa. Har tsayin kan keke doka ta taɓa: hannunka kada ya wuce kafaɗarka. Sai makulli, wani ƙarfe mai siffar takalmin doki, nauyi kamar guduma. Ɓarayin keke a garin nan ba su da wasa, in ka ɗaure ƙafar gaba kawai, ita kaɗai za ka dawo ka tarar.

Inda na yi kewar gida shi ne ranar da ƙusa ta huda ƙafar baya. Na tura keke kusan mil ɗaya ina waige-waige, raina yana neman mai faci a gindin bishiya. Babu. Na kai wani shago mai tsabta kamar kemis, aka rubuta mini takarda, aka ce in dawo jibi. Jibi, Yaya, a kan faci! Da na dawo ma ba facin suka yi ba. Tiyub ɗin suka jefa a shara suka sa sabo, kuɗin aikin ya ninka kuɗin tiyub. Sai na tuna mai gyaran nan na bakin hanyar makarantarmu, da kwanon ruwansa da ya yi baƙi. Ya hura tiyub, ya bi da shi cikin ruwa har kumfa ta tona ramin, ya soka tsinke, ya kankare, ya shafa sholisho da yatsa, ya hura da baki, ya manna, ya bubbuga da ƙotar sukurdireba. Kafin ka gama gaida mutane ya gama. Tiyub ɗin Baba faci ya fi goma a jikinsa kuma yana kai shi gona. Kayan nan duk akwai su a nan, ka danna waya gobe su iso ƙofar gida, amma hannun da zai ɗaura maka su da awa ake biyansa. Na tambayi nawa za a sa mini cibiya mai giya uku ta Shimano saboda tudun unguwarmu, da na ji kuɗin sake ɗaure ƙafar sai na ce tudun ma motsa jiki ne.

Yanzu wani wuri nake zuwa mai suna Bicycle Kitchen. 'Yan sa kai ne, akwai sifana da komai, ka ba da ɗan abin da ya sauƙaƙa su tsaya a kanka kana gyara da hannunka. A can na koyi ɗaure sarƙa. Da na yi faci irin namu a gabansu, wani saurayi ya tsaya kallo kamar ina sihiri.

Wajen ado kuma ba mu kaɗai ba ne. 'Yan asalin Meziko na gabashin garin nan suna da kekunan da suke kwantarwa ƙasa-ƙasa, ƙarfe a murɗe yana walƙiya, madubi shida, sirdi da karan-miski. Da na gansu sai na tuna angwayen ƙauyenmu da sabon Phoenix, an naɗe sanda da leda mai launi, geza tana lilo a hannu. Amma nasu na nuni ne. Ban taɓa ganin wanda ya ɗora buhun masara a kai ba.

Hanyar bakin tekun nan mil 22 ce daga farko zuwa ƙarshe, ni dai iyakata rabi, bayan asuba ranar Asabar. Sukarin ya ɗan sauka, alhamdulillahi.

In mutumin nan da zai zo watan gobe bai cika jaka ba, ka sa a sayo mini ƙararrawa irin ta Phoenix, mai ƙara biyu. Ta nan sautinta kamar an taɓa cokali, mai kare ma ba ya waigowa. A haɗo da gezar hannu ja da kore, da rigar sirdi in har yanzu ana ɗinkawa. Ka gaida Inna, ka nuna mata hoton motar.