Hattara da Masu "Sabis" ɗin Akwatin Kifi na Wata-Wata

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na masu ajiye kifin ado ne a akwatin gilashi, a falo ko ofis ko shago. Akwai wani salon cuta da ya shigo harkar, kuma da yake ba lokaci ɗaya ake kwashe kuɗin ba, mutum kan daɗe ana tatsarsa yana godiya.

Za ka ga talla a Facebook ko WhatsApp: akwati tsaf da fitila, kifaye masu launi, farashi kamar kyauta. Mai kayan zai zo har gida ya haɗa maka. Sai ya zo tafiya zai kawo sharaɗi, wai duk wata zai zo sabis, kuma dole a canza kayan cikin filta (wato matatar ruwan akwatin) gaba ɗaya, soso da auduga da gawayi da ƴan zobban tangaran. "In ba haka ba, Alhaji, kifin da ya mutu babu ruwana." Ribarsa ba a akwatin take ba, a wannan sharaɗin take.

Na ga aikin ɗaya daga cikinsu a gidan yayata. Ya kwashe kifin a bokiti, ya zubar da ruwan tas, ya kai tsakuwar bakin famfo ya dirje. Sannan ya zaro soson filta, ya yi ruwan ƙasa yana yauƙi, ya ɗaga shi da yatsu biyu yana yamutsa fuska: "Hajiya, dubi abin da kifinki ke sha." Ya jefa a leda ya tura cikin jakarsa. Bayan ƴan kwanaki ruwan ya yi fari-fari, kifin suka taru a sama suna haki, suka daina cin abinci. Da ta kira shi sai ya ce ai cuta ce ta shiga, ya zo da wata kwalba mai ruwa shuɗi wadda ko takarda babu a jikinta, da sababbin kifi a leda. Kowanne da kuɗinsa.

Ba cuta ba ce. Wannan yauƙin da ya nuna mata shi ne ran akwatin. Kifi na fitar da amoniya ta numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe yana ƙara ta, kuma amoniya guba ce. A jikin soso da zobban tangaran akwai bakteriya masu amfani da ke zaune. Wasu, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne, wasu kuma irin su Nitrospira su mayar da shi naitiret, wanda ba shi da kaifi sosai, ana rage shi da canjin ruwa. Kafin waɗannan halittu su yi yawan da za su riƙe sabon akwati, ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. To, a lissafa: wanda ke zubar da su duk mako 4 bai taɓa barin akwatinka ya tsaya da ƙafarsa ba. Gyaran gangar Abzinawa kenan, sai dai wannan da gangan ake yi. Ga kuma zafin garinmu, domin kaifin amoniya na ƙaruwa idan ruwa ya ɗumama, shi ya sa ɓarnar ta fi muni a bazara.

Gaskiyar kula da filta ba ta kai wannan tsadar ba. Soso ba a canza shi sai ya fara marmashewa ko ya daina dawowa in an matse. Idan ruwa ya rage gudu, ka ɗebi ruwan akwatin a roba, ka matsa soson a ciki sau biyu ko uku, ka mayar. Kada a kai shi famfo, kulorin da hukumar ruwa ke sawa yana kashe bakteriyar, sabulu kuwa ko kusa. Zobban tangaran suna shekaru, ɗauraya kawai suke so. In canji ya zama dole, a canza rabi, a jira ƴan makonni kafin a taɓa sauran. Ruwa ma ba a zubar da shi duka, kashi ɗaya cikin huɗu a mako ya isa. Farar audugar nan ce kaɗai ake yawan jefarwa, ita kuwa ba ta da tsada.

Batun gawayi, a nan ne mai cutar ya sami ɗan abin fakewa, domin gaskiya ne gawayin filta yana cika cikin kamar wata guda ya daina aiki. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne ba dole ba ne. Akwati na zama lafiya babu shi, an fi buƙatarsa don cire wari ko ragowar magani. Kuma duba abin dariya: mutum ya zuba maka magani alhali ya bar sabon gawayi a filta, wanda in na gaske ne zai tsotse maganin. Ko dai bai san aikin ba, ko ya san abin da ya sa ba gawayin filta ba ne. Wasu gawayin girki suke dakawa su ɗura a ƴar jakar raga. Gwajin mai sauƙi ne. Na gaske in ka zuba shi a busasshe cikin kofin ruwa za ka ji yana ƴar ƙara, ƙananan kumfa na tashi. Ka ɗiga maganin kifi mai suna methylene blue, ɗigo ɗaya, ka bar shi. Na gaske zai shanye shuɗin, na girki sai ya bar ruwan kusan yadda yake, da baƙar ƙura a sama.

Ni kam abin da ya fi ba ni haushi shi ne ledar da yake tafiya da ita. Me mutum zai yi da soson da ya ce datti ne? Na fi zaton wankewa ake yi da bilic a shanya, gobe ya zama "sabo" a wani gidan.

Ba duk masu haɗa akwati ba ne haka, akwai masu tsoron Allah da za su koya maka wankin soso su tafi. Amma duk wanda ya ce sai an canza komai duk wata, ku ce ya auna amoniya a gabanku, kayan awon ana sayar da su a shagunan kifin ado. Ku ce ya buɗe sabon kaya daga kwalinsa kuna gani, tsohon kuma ya bar muku shi a gida. Kwalbar da babu suna kada ta shiga ruwanku. Wanda kuma aka riga aka yi wa wannan wankin a makon nan, ya rage ba kifin abinci, ya riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kullum da ruwan da aka cire wa kulorin, kuma kada ya ƙara ko kifi ɗaya sai bayan wata guda.